Anti Dakata da Rijiyoyin da Suka Ɓace

Ƙarfe bakwai da kwata take isowa, kafin mai shara ya gama da barandar ƙasa. Ofishinta yana can ƙarshen lungu, bayan ɗakin da ake jibge karyayyun kujeru, inda in ba matsala ce ta koro mutum ba babu abin da zai kai shi. Takan rataye jaka a ƙusar bayan ƙofa, ta kunna fanka, ta jona butar shayi, sannan ta ja kujera gaban babbar kwamfutar cibiya ta duba abin da masu bincike suka ɓata jiya. Ba ta taɓa dubawa ta rasa ba. Shekara ashirin da shida ta yi a kan wannan kujera, har makon jiya da ta ajiye aiki, kuma a iya sanina babu takardar bincike ko ɗaya da ta fita daga cibiyar nan ɗauke da sunanta. Wannan rashin kyautawa nake so in rage yau, ko da kaɗan ne.

Sunanta na gaskiya yana jikin katin aiki, amma daga shugaban cibiya har direba, Anti Dakata ake ce mata. Ita ta jawo wa kanta. Duk wanda ya kai yatsa zai danna wani abu a gabanta, sai ya ji ta ce, "Dakata tukuna." Ba ta ɗaga murya, ba ta riƙe hannun kowa, amma na ga manyan daktoci da idona sun janye yatsa kamar sun taɓa murfin tukunya. Har maigidanta, in ya zo ɗaukarta ranar da ake ruwa, yakan leƙo ta tagar mota ya ce wa mai gadi, "Dakata ta fito kuwa?"

Shi maigidan nata har yau in an tambaye shi aikin matarsa, gyaran kwamfuta yake cewa, ita kuma ta gaji ta daina gyara masa. Aikinta shi ne girka manhajojin da masu bincike ke lissafi da su, da sasanta su in sun ƙi jituwa. Ga yadda take yi wa sabbin ɗalibai bayani, tana juya cokali a kofi:

"Manhajar bincike ba ta zuwa ita kaɗai. Kamar ka gayyaci baƙo ɗaya ne ya zo maka da 'yan rakiya talatin, kowane ɗan rakiya kuma da nasa. Su ƙananan nan muna ce musu ƙunshi. Kowane ƙunshi yana da siga, wato tsoho ne ko sabo, da lambarsa. To wannan manhaja ta ce ita sai da siga ta biyu, waccan ta ce in ba ta uku ba ba ta motsawa, kuma a kan ƙunshi ɗaya suke magana. Ka zuba su wuri guda ka ga rigima."

Maganin rigimar shi ne abin da masana ke kira keɓaɓɓen muhalli, ita kuwa ɗaki take ce masa. A cikin kwamfuta ɗaya sai ta ware wa kowane bincike ɗakinsa, da nasa ƙunshin da nasa sigogin, babu mai leƙa na wani. In ta gama shirya ɗaki, sai ta sa kwamfuta ta fitar da jerin duk abin da ke ciki, ta buga shi a kati mai kauri, ta rubuta ranar da biro, ta saka a wani akwatin katako da ke gefen ƙafarta. Kwafin ƙunshin kansa kuma ta adana a tsofaffin faya-fayan ajiya cikin durowa. Sau biyu jami'in kayan ofis yana zuwa da takarda wai a kwashe tarkacen nan, sau biyu tana haɗa masa shayi ya koma ba tare da ya ɗauki ko tsinke ba.

Mu da muke kai mata kuka mun haddace tsarinta. Ka shiga da kwamfutarka fuska a yamutse, allo cike da jan rubutu, kana rantsuwa ba ka taɓa komai ba. Ba ta musa maka. Sai ta ce ka zauna, ta gangara can ƙasan jan rubutun, don a cewarta a layin ƙarshe kwamfuta take faɗin gaskiya, sauran duk kame-kame ne. Sannan ta tambaya, "Me ka girka jiya?" A nan mutum yake tuna cewa, e to, akwai wani ɗan abu. Abu ɗaya take canzawa a lokaci guda, ta gwada, ta rubuta, ta sake canza ɗaya. Sabuwar siga kuwa ba ta burge ta. In ta fito, takan bar ta ta yi wata uku ko huɗu a hannun masu gaggawa, su gama yin karo da matsalolinta tukuna.

Akwai Dakta mai nazarin sauro, wanda ya yi shekara bakwai yana zuba kowace manhaja a wuri ɗaya, har kwamfutarsa ta kai ga ba ta iya haɗa biyu da biyu sai ta yi ƙorafi. Anti ta duba ta duba, ta ce, "Dakta, wannan ba na gyara ba ne, ƙaura za mu yi." Kwana biyu tana raba masa kaya ɗaki-ɗaki. Da ya je taro ya dawo da lambar yabo, ya gode wa iyayensa, ya gode wa malamansa, ya gode har wa sauron. Ita ko a jikinta.

Ke ce, Anti, wadda ba ki taɓa sa mutum ya ji shi jahili ba ne don ya ɓata abu. Ke ce mai jin "ban taɓa komai ba" sau biyar a rana, ki yi murmushi ki ja wa mai ƙaryar kujera. Da yawa daga cikinmu a gabanki muka koyi cewa "ni na yi" ba ta kashe mutum.

Amma labarin da ya sa na ɗauki alƙalami na Mai Rijiyoyi ne, kuma bara ya faru. Ɗalibar digirin dakta ce, uwar yara biyu, wadda ta shafe shekara huɗu tana bin rijiyoyi ɗari uku da goma tana auna ruwansu, har sunan ya bi ta. Sakamakonta ya nuna rijiyoyi sittin da biyu suna ɗauke da wani sinadari fiye da abin da jiki zai jure, musamman jikin jarirai. A kan wannan lamba ta gina kundinta gaba ɗaya. Saura kwana tara ta kare shi a gaban masu jarrabawa, sai ɗaya daga cikinsu ya aiko cewa yana son taswira mai launi, a nuna rijiyoyi masu hatsari da jan ɗigo.

Aikin awa ɗaya ne. Ta samo wata sabuwar manhajar zana taswira, kuma saboda ba ta son damun Anti a kan ƙaramin abu, sai ta girka ta da kanta a cikin ɗakin da Anti ta shirya mata shekara uku da suka wuce. Kwamfuta ta jero wani dogon rubutu, ta tambaya ko a ci gaba. Wa yake karanta wannan? Ta danna e. Sabuwar manhajar ta shigo ta kori tsofaffin sigogi talatin da ɗaya, ta zaunar da nata. Manhajar lissafi ta tsaya cak. Mai Rijiyoyi ta sabunta ta ita ma, da duk wani abu da ya yi ƙorafi, har jan rubutu ya ɗauke. Taswira ta fito gwanin kyau. Ta tura wa Farfesan da ke duba aikinta, ta tafi ɗauko yara daga makaranta da murnarta.

Shi kuwa Farfesa mutum ne da ba ya yarda da abin da bai ƙirga da kansa ba. Ya buga taswirar a takarda, ya sa tabarau, ya bi jajayen ɗigon da bakin biro ɗaya bayan ɗaya. Washegari da safe ya kira ta ofis, ya ajiye kundi a dama, taswira a hagu.

"Kundinki ya ce sittin da biyu. Taswirarki ta ce arba'in da bakwai. Bayanan iri ɗaya ne?"

"Iri ɗaya ne, Farfesa. Ban taɓa su ba."

"To ina goma sha biyar suka shiga? Ko dama babu su?"

Ta san sarai me tambayar ƙarshen nan take nufi. Ya ce shi ba ya zargin kowa, amma ba zai sa hannu a kan lambar da ba ta maimaituwa ba. Ranar Laraba ce. In zuwa Litinin ba ta nuna masa inda sittin da biyu ta fito ba, zai rubuta a ɗage jarrabawar, ya miƙa maganar ga kwamitin da ke bincikar masu ƙirƙirar sakamako. Wanda ya taɓa zama gaban wannan kwamiti kuwa, ko an wanke shi, ƙishin-ƙishin ba ya barinsa. Shekara huɗu na rana da laka, da sunanta, duk suna cikin hatsari.

Ta gangaro lungun karyayyun kujeru da ƙyar, ta tarar da Anti tana goge tabarau. Ta buɗe baki za ta yi magana, kuka ya riga maganar fitowa.

"Zauna," in ji Anti, ta tura mata kofin da ta haɗa wa kanta. "Sha tukuna. Me kika girka jiya?"

Ta faɗa mata komai, daga taswira har tambayar Farfesa.

"A ɗakin da na shirya miki kika zuba ta?"

"Ban so in dame ki ba ne, Anti."

"Ai kuwa kin hutar da ni," in ji Anti, ta jawo akwatin katako da ƙafa. "Share hawayenki, 'yata. Lamba ba ta tashi ta yi tafiya haka kawai, wani abu ne ya ɗauke ta. Za mu sake gina ɗakin nan yadda yake ranar da kika yi lissafin farko, mu ga ko za su dawo."

Ta bi katunan da yatsa har ta zaro na Mai Rijiyoyi. Ƙunshi tamanin da huɗu, jere reras, kowane da lambarsa. Sai ta kai layin ƙarshe ta tsaya. Ƙunshin da ke karanta bayanan na'urar awon ruwa ne, suna kawai, babu lamba. Irinsa daga shafin masu ƙera na'urar ake ɗauko shi kai tsaye, kwamfuta ba ta sa lambarsa a jeri, da biro Anti take cikewa. Ba ta cike ba. Gurbin rana ma fayau yake. Ta buɗe durowa ta duba faifan shekarar, shi ma babu kwafinsa.

"Wannan laifina ne," in ji ta, babu kwana-kwana. "Ke kin danna e, ni na bar gurbi. Mun yi kunnen doki."

Ta dafe goshi tana neman abin da zai tashe ta daga kan kati ba ta gama ba, don ba halinta ba ne. Mai Rijiyoyi ta ce a lokacin ne tsoro ya kama ta da gaske, domin ba ta taɓa ganin Anti ta rasa amsa ba. Can sai ga Anti ta fashe da dariya har tana buga tebur.

"Jikata ce. Ranar ce aka yi mini waya daga asibiti cewa 'yata ta sauka. Ina tsakiyar katin nan na jefa shi a akwati na fita, ko fanka ban kashe ba. Yarinyar nan tun ranar da ta zo duniya take hana ni aiki."

Jikar shekararta uku da wata biyu, kuma babu kakar da ke manta wannan rana. Sanin ranar ya rage aiki, amma bai gama shi ba. Da wani ne ya yi girkin, sai a ce sigar da ta fi sabunta a ranar ita ya ɗauka. To amma Anti ce, wadda ba ta taɓa ɗaukar sabuwa. Suka duba shafin masu na'urar, siga biyar suka fito a shekarar da ta gabaci haihuwar. Ta cire ta ƙarshe, saura huɗu.

"Kin ga halin nawa yau ya juyo kaina," in ji ta.

Alhamis ɗungurungum ta tafi a kan sauran tamanin da ukun. Goma sha ɗaya daga cikinsu an riga an janye su daga intanet, ko ka yi yaya ba ka samu. Anti ta hure ƙurar wani tsohon faifai ta jona, ga su nan zaune lafiya lau, a cikin tarkacen da aka so a kwashe. Ta riƙa shigar da su ɗaya-ɗaya, ta hana kowannensu jawo ɗan rakiyar da ba ya cikin kati. Ƙarfe huɗu na yi ta kori Mai Rijiyoyi.

"Je ki ɗauki 'ya'yanki. Zura mata ido ba ya sa ta sauri."

"Anti, ko in dawo mu ci gaba?"

"Ni ma biyar na yi zan rufe. Gajiyayyen mutum shi ke danna e."

Ranar Juma'a ta gina ɗakuna huɗu sababbi fil, komai nasu iri ɗaya, sai ƙunshin nan guda da ta ba kowanne sigarsa daban. Na farko ya ƙi tashi sam, ya ce shi ba ya zama da sauran. Anti ta soke shi a takarda. Na biyu ya tashi, ya yi rabin tafiya ya faɗi. Ta soke. Na uku ya kama aiki shiru, lambobi suna wucewa. Kusan awa biyu Mai Rijiyoyi tana zaune a bakin kujera, tana murza gefen mayafinta har ya yi laushi. Sai allo ya tsaya, layin ƙarshe ya fito: sittin da biyu.

Ta miƙe zumbur, ta rungume Anti ta baya har tabarau ya karkace, ta zaro waya za ta kira Farfesa.

"Dakata tukuna."

"Anti, ai sun dawo."

"Mun san sun dawo. Ba mu san me ya kore su ba. In Farfesa ya ce miki tsohuwar sigar ce mai kuskure, sabuwar ce mai gaskiya, me za ki ce masa?"

Mai Rijiyoyi ta sauke wayar a hankali. Anti ta sa kwamfuta ta jera tsohon sakamako kusa da sabo, ta ware goma sha biyar ɗin da suka ɓace, ta buga lambobinsu a takarda ta miƙa mata.

"Ni kwamfuta na sani, ke kika san rijiya. Duba ki gaya mini abin da ya haɗa su."

Ba ta kai rabin takardar ba ta gane su. Ta buɗe ainihin fayil ɗin da na'urar awo ta rubuta, ta nuna da yatsa. Na'urar tana da iyaka. In sinadarin da ke cikin ruwa ya wuce abin da take iya aunawa, sai ta rubuta lambarta mafi girma, ta sa wata 'yar alama a gabanta mai nufin ya fi haka. Tsohuwar siga ta san alamar, takan ɗauki lambar ta wuce. Sabuwar kuwa da ta ga alama sai ta ce wannan ba lamba ba ce, ta bar gurbin fanko, ba ta ce wa kowa uffan ba. Wato rijiyoyin da suka ɓace daga taswira su ne mafi muni a cikin ɗari uku da goman, waɗanda suka cika na'urar har ta kasa.

Mai Rijiyoyi ta koma ta zauna. Murnar da ta yi ɗazu ta kanta ce, yanzu kuwa masu shan ruwan ne suka faɗo mata a rai. Ta san rijiyoyin nan. Ta san wadda ke bayan makaranta, ta san wadda wata mai jego ta riƙe mata guga tana ɗibar ruwan gwaji. Da taswirar ta fita yadda take, da an bi arba'in da bakwai an bar waɗannan.

"Da Farfesa bai ƙirga ba fa, Anti?"

"Shi ya sa ba na jin haushin masu ƙirga," in ji Anti. "Yanzu kira shi."

Sauran aikin mai sauƙi ne. Anti ta ce kada a sake tilasta wa manhajojin nan biyu zama tare. Lissafi a ɗakinsa da tsofaffin sigoginsa, taswira a nata da sababbinta, sakamako kawai za a ɗauka a fayil a kai mata. Ta buga kati biyu, ta miƙa wa Mai Rijiyoyi biro ta ce mata ta cike gurbin da hannunta, lamba da rana.

Ranar Litinin Farfesa da kansa ya gangaro. Shekara goma sha tara yana cibiyar nan bai san lungun ba, sai da mai shara ya nuna masa hanya. Ya zauna a kan kujera marar majingina, ya kalli lissafin daga farko har ƙarshe, ya sa aka buga sabuwar taswira, ya zaro biro ya ƙirga. Ya sake ƙirgawa. Ya nemi littafin da Mai Rijiyoyi take rubutu a bakin rijiya, ya bi goma sha biyar ɗin ɗaya-ɗaya. Sannan ya cire tabarau ya dube ta.

"Na yi miki tambayar da bai kamata in yi ba kafin in bincika. Ki yi haƙuri."

Ta gyaɗa kai. Shi kuma ya yi gyaran murya, ya juya wajen Anti, ya zaro kwamfutarsa daga jaka kamar mai fito da kayan sata.

"Akwai wani ɗan abu da take yi mini kwana biyun nan. Ni dai ban taɓa komai ba."

"Me ka girka jiya, Farfesa?" in ji Anti, tana jona butar shayi.

Mai Rijiyoyi ta kare kundinta a ranar da aka sa, ta fito Dakta. Jerin rijiyoyin ya isa hannun masu kula da ruwa, kuma goma sha biyar ɗin nan aka fara rufewa. Da za ta fitar da takardar binciken, ta gangaro ta ce za ta sa sunan Anti cikin marubuta. Anti ta ce sam. "Ni rijiya nawa na auna?" Ta ce to ko a shafin godiya. Anti ta ce ta gode wa 'ya'yanta da suka yi haƙuri da ita shekara huɗu, ya fi. Haka takardar ta fita, ita ma babu sunan.

Juma'ar da ta wuce muka taru yi mata sallama a cikin lungun, don ofishin ba ya ɗaukar mutum biyar. Muka jingina da karyayyun kujeru, aka miƙa mata sabuwar butar shayi, jami'in kayan ofis ya yi alkawari a gaban shaidu cewa ba zai taɓa durowar ba. Anti ta damƙa wa matar da za ta gaje ta akwatin katako, katuna ɗari huɗu da 'yan kai, sannan ta zaro wani sabon kati daga jaka. Na ofishin ne kansa. A sama ta rubuta: abubuwan da ɗakin nan ya dogara da su. Dakta Mai Rijiyoyi ta karɓa ta karanta mana da ƙarfi. Makulli yana cijewa, a ɗaga ƙofar kafin a murɗa. Fanka kada ta wuce lamba biyu. Mai shara yana da makullin ko-ta-kwana, a riƙa gaishe shi. A kwafe faya-fayai duk ranar Alhamis. A ba mai kuka shayi kafin a tambaye shi me ya girka.

Ta kai ƙarshe, ta juya katin ta duba bayansa.

"Anti, kin sake barin gurbi."

"Ina?" in ji Anti, ta laluba tabarau da sauri, don ta ɗauka da gaske ne.

Dakta ta zaro biro, ta dafa katin a bango, ta rubuta cikakken sunan Anti na gaskiya a saman jerin. A gefe, inda ake sa lambar siga, ta rubuta: shekara ashirin da shida, kada a sabunta. Matar da ta gaje ta ta karɓa ta manna shi a bango, daidai saman inda buta ke zama.

Anti ta ɗaga hannu kamar za ta hana. Muka zuba mata ido muna jiran kalmar da muka saba. Ba ta fito ba. Maigidanta, da ke tsaye a baya riƙe da sabuwar butar, ya miƙo mata hankici, ya ce shekara talatin da biyar yana tare da ita, yau ce rana ta farko da wani ya yi abu a gabanta ba ta ce a dakata ba.

Ku kuma masu bincike, da ni a cikinku, kowace cibiya tana da lungu irin wannan, da wani zaune a ƙarshensa yana riƙe da abin da muke taƙama da shi. Ku nemi hanyar tun matsala ba ta koro ku ba. Ku ware wa kowane aiki ɗakinsa, ku rubuta abin da kuka zuba a ciki, ku karanta kafin ku danna e. In kun bar gurbi, ku ce ni na bari, yadda ta ce. In kun zo shafin godiya, ku tuna da su, ko sun ce ba sa so.

Ke kuwa, Anti, uwar ɗakuna, Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya bar ki da jikar nan mai hana aiki. Kin ce ba ki auna rijiya ko ɗaya ba, kuma gaskiya kika faɗa. Amma yau akwai jarirai a wasu gidaje da ba a dama musu komai da ruwan rijiyoyin nan goma sha biyar ba. Iyayensu ba su san ki ba, ba kuma za su taɓa sanin cewa wata mata a ƙarshen wani lungu ta hana a buga waya sai an gano dalili ba. Mu mun sani. Mun gode, Anti.